Kula da masu HIV a ƙauyukan da ruwa ke yankewa: amsa ga wata ma'aikaciyar lafiya

Wata ƙanwata a wajen aiki, ma'aikaciyar lafiya a wani ƙaramin asibiti da ke gefen ruwan Dadin Kowa a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, ta aiko mini da tambaya. Ta ce a cikin ƙauyukan da take kula da su akwai na masunta da manoman fadama waɗanda idan damina ta yi nisa sai ruwa ya raba su da hanya, ba shiga ba fita sai da kwale-kwale. Tana da mutane kaɗan a can masu shan maganin HIV, kuma kowace shekara daga Agusta zuwa Oktoba sai wasunsu su ɓace mata. Ta ji a wani taro ana maganar yadda ake yaƙi da cutar a ƙananan tsibirai na duniya, shi ne take son sanin ko akwai abin da za ta ɗauka daga can, ita da ba ta da likita, ba ta da ɗakin gwaji, wutar lantarki ma ba kullum ba.

Ƙanwata, akwai abin ɗauka, kuma da yawa. A idon ma'aikacin lafiya, abu biyu ne ke mayar da wuri tsibiri. Na farko, hanyar zuwa asibiti tana hannun ruwa da mai jirgi. Na biyu, mutanen wurin kaɗan ne, kowa ya san kowa, kowa ya san wanda ya shiga jirgi yau da inda ya nufa. Ƙauyukanki sun cika duka biyun, aƙalla na wata uku a shekara. Na shafe shekaru ina duba masu wannan cuta a jihar nan, kuma abin da na gani shi ne na biyun ya fi na farkon kashe mutane. Wanda ruwa ya tare zai iya jira ya janye. Wanda ke tsoron a gane shi, ko gada aka gina masa har ƙofar gida ba zai zo ba.

Wurin da ya fi kama da naki shi ne Tafkin Biktoriya, wanda Uganda da Kenya da Tanzaniya suka zagaye, mai cike da tsibiran masunta. Wani bincike da aka wallafa a 2016 daga yankin Rakai na Uganda ya gano cewa a garuruwan masunta na bakin tafkin kusan kashi 42 cikin 100 na manya suna ɗauke da cutar, alhali a garuruwan manoma na yankin kashi 14 ne. Dalilan sanannu ne: masunta matafiya ne, suna barin iyali na makonni, kuɗin kifi yana zuwa hannu kullum, asibiti kuma yana nesa. Da aka kai musu gwaji da magani har bakin ruwa, tsakanin 2011 da 2017 masu shan magani a cikin masu cutar suka tashi daga kashi 16 zuwa kashi 82, sabbin masu kamuwa kuma suka ragu da kusan rabi. Babu wani sabon magani na musamman da aka ƙirƙiro musu. Wanda ake da shi aka matso da shi kusa.

Sai dai kada ki kwafi komai. Wani ɓangare na nasararsu daga yi wa maza kaciya ya fito, domin kaciya tana rage wa namiji haɗarin kamuwa da kusan kashi 60, kuma da yawansu ba su da ita. Mu nan kusan kowane namiji an yi masa tun yana yaro, don haka wannan ƙofar mun riga mun rufe ta. Yawan cutar ma ba ɗaya ba ne. Babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 1.4 na manyan Najeriya ne ke ɗauke da ita. Gombe ta ɗan haura kashi 1, Bauchi wajen rabin kashi ɗaya, maƙwabciyarmu Taraba kuwa tana kusa da kashi 3. Ki yi lissafi da kanki: a ƙauye mai manya ɗari biyar, wataƙila mutum biyar ne ko shida. Wannan yana nufin idan kika tara gari duka a gindin bishiya kina gwaji, za ki ƙarar da kayan gwajinki ki samu mutum ɗaya ko biyu, su kuma ki tona musu asiri a gaban dangi. Aikinki na bin mutum ɗaya-ɗaya ne.

Ki fara da waɗanda ke hannunki. Mutumin da ke shan maganinsa kullum har ƙwayar cutar ta kwanta, gwaji ya daina ganinta a jini, ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta hanyar kwanciyar aure. Wannan ya tabbata da manyan bincike, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta faɗe shi ƙarara. Ke nan duk wanda kika riƙe a kan magani, kin yi jinya kuma kin yi rigakafi a lokaci guda. Wanda kuma ya yanke na wata biyu saboda ruwa, cikin 'yan makonni ƙwayar take sake yawaita a jininsa, ya koma mai iya yaɗawa, kuma yawan yankewa da komawa shi ke koya wa ƙwayar ta bijire wa magani.

Maganin da yawancin manya ke sha yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana, wadda muke kira TLD, haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir. Ƙa'ida ta yarda a ba wanda ya daidaita a kan magani na wata uku har zuwa wata shida a tafi ɗaya. Matsalar da nake gani ita ce ana ba da ranar dawowa bisa lissafin kwamfuta, ba a duba sama. Wanda ya karɓi na wata uku a farkon Yuni, ranar dawowarsa za ta faɗo a farkon Satumba, daidai lokacin da Gongola ta cika ta batse. Ki ɗauki kalanda tun watan Mayu, ki fitar da sunayen duk mutanenki na ƙetaren ruwa, ki je wurin mai ba da magani a asibitin da kuke karɓowa ki nemi a daidaita musu, kowa ya riƙe abin da zai kai shi Nuwamba kafin ƙarshen Yuli. Ki je da wuri domin su ma su sa a cikin buƙatar da suke aikawa sama. Idan kika je musu a Agusta kina neman kwalba talatin, ko suna so ba su da ita.

Akwai maganar ajiya, wadda ba a cika yi wa marasa lafiya bayaninta ba. Ana son maganin ya zauna a inda zafi bai wuce maki 30 a ma'aunin Celsius ba, ke kuwa kin san Gombe a Maris da Afrilu. Damshi kuma yana ɓata shi fiye da zafi. A cikin kwalbar akwai wani ɗan ƙunshi mai tsotse damshi, mutane da yawa suna jefar da shi suna zaton datti ne. Ki ce su bar shi. Kada a juye maganin wata shida a leda ko takarda don ɓoyewa. Wanda ke tsoron a karanta rubutun jikin kwalba ya ɓare takardar, wanda ke tsoron ƙarar ƙwayoyi ya cusa auduga mai tsabta a ciki. A ajiye a ƙasan akwati ko kusa da randa inda ba ya jiƙa, nesa da rufin kwano da murhu. Masunci mai kwana a kan ruwa ya ɗebi na mako guda a ƙaramar roba mai murfi, ya bar sauran a gida, domin jirgi yana kifewa. Da yake sau ɗaya ake sha, kuma ana iya mayar da shi dare, azumi ba ya hana shi, kuma yana da kyau ki faɗa musu haka tun kafin watan ya kama.

A lardin Tete na Mozambik, tun 2008, an gwada wata dabara da ta bazu a Afirka: masu shan magani su haɗu su kamar shida, kowane wata mutum ɗaya ya je ya karɓo wa kowa, a duba shi, wata mai zuwa wani ya je. Kuɗin mota ya ragu, mutane suka daina yankewa. Za ki ji ana yaba ta a kowane taro, kuma ta cancanci yabo. Amma ni ina taka-tsantsan da ita a ƙauye irin naki. Inda masu cutar suke da yawa, shiga ƙungiya ba abin mamaki ba ne. Inda su biyar ne kacal, kuma ɗaya surukar ɗaya ce, haɗa su tamkar sanar da gari ne. Kada ki taɓa gaya wa wani mai cutar sunan wani mai cutar don ki haɗa su, sai kowannensu ya yarda a keɓe. Abin da na ga ya fi aiki a wurinmu shi ne miji da mata su riƙa karɓar wa juna, ko kowane mutum ya zaɓi amininsa guda da ya yarda da shi, a rubuta sunansa a kati.

Yanzu maganar sirri, wadda ita ce ƙashin bayan komai.

Akwai wata shekara da muka fita aikin ƙauye da mota mai ɗauke da rubutun shirin HIV a jikinta. Muka tsaya a ƙofar wani magidanci da ya yi wata biyu bai zo ba, da niyyar alheri, mun kawo masa maganinsa. Ya fito ya gaishe mu da mutunci, ya ce bai san mu ba. Bai sake zuwa asibitinmu ba. Daga baya na ji ya koma karɓa a wani gari mai nisa, yana kashe kuɗin mota ninki uku, sannan ya daina gaba ɗaya. Har yau abin yana damuna, domin kuskuren namu ne, kuma da tunani kaɗan da mun kauce masa.

Saboda haka, duk abin da za ki kai ƙetaren ruwa, ki kai shi cikin rigar lafiya ta kowa da kowa. Ranar da za ki je, rana ce ta awon ciki, rigakafin yara, gwajin hawan jini da na zazzaɓin cizon sauro. Kowa ya shigo shi kaɗai, a rufe ƙofa ko a saki labule, kowa ya fita da ƙunshi iri ɗaya a baƙar leda, mai hawan jini da mai HIV ba a bambance su. Kada ya zama akwai wata rana ta musamman, ko wani benci, ko wani kati mai launi daban. Kada zamanki da mai HIV ya fi na sauran tsawo a kullum, domin masu jira a waje suna lissafi. Rajistar masu cutar kada ta tsallaka ruwa, ki riƙe lambobi kawai a ƙaramin littafi. Idan za ki kira waya, ki tuna wayar gida ɗaya ce a hannun mutum huɗu, ki fara tabbatar da wanda ya ɗauka, kuma tun farko ku yi yarjejeniya da mara lafiya a kan abin da za ki ce.

Ki kuma dubi abokan aikinki. A ƙaramin wuri mai shara, mai gadi da mai ba da kati duk 'yan garin ne, kuma yawancin asirin da ke fita ba da mugunta yake fita ba, a hira yake zubewa, wani lokaci ma cikin tausayi: a taya wance da addu'a. Ki zaunar da su ki yi musu magana a fili. Ki sanar da su cewa akwai dokar ƙasa ta 2014 da ta hana nuna wa masu HIV bambanci, ta kuma hana bayyana matsayin mutum ba da izininsa ba. Amma abin da ya fi doka shiga zuciyar mutanenmu shi ne amana, da sanin cewa wanda ya rufa asirin ɗan'uwansa Allah zai rufa nasa. Wanda kuma ya ce shi sam ba zai karɓa a wurinki ba, ya fi son ya tafi Gombe, Asibitin Koyarwa na Tarayya ko wani wuri inda ba a san shi ba, kada ki ji haushi. Ki taimaka masa ya samu na wata shida a can.

Sarkin Ruwa da mai unguwa da liman kina buƙatarsu, amma ki san abin da za ki roƙa. Ki roƙi jirgi ranar kasuwa, da wanda za a tasa da dare idan haihuwa ta zo da gardama, da ɗaki mai ƙofa. Ki roƙi liman ya yi huɗuba a kan zuwa awo da kuma haramcin ƙyamar mara lafiya. Sunan kowa kada ya shiga maganar, ko da sun tambaya, kuma za su tambaya.

Bayan masu shan magani, sai masu ciki. A nan ne ƙananan tsibirai suka ba duniya mamaki. Kyuba ce ƙasa ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2015 cewa ta kawar da yaɗuwar HIV daga uwa zuwa jariri a matsayin matsalar lafiyar al'umma. A 2017 wasu ƙananan tsibirai shida na yankin Karebiyan suka biyo baya, a 2019 kuma Maldibs, ƙasar da ke warwatse a kan ɗaruruwan tsibirai a tekun Indiya. Ƙanƙantar da ke hana sirri ita ce kuma ta taimake su: inda masu ciki ba su da yawa, ana iya sanin kowacce a bi ta har ta haihu. Ke ma kina da wannan damar. A ƙauyukanki ungozoma ta san duk mai ciki tun kafin cikin ya fito.

Idan ba a yi komai ba, tsakanin jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 na uwaye masu cutar za su kamu, a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono. Da magani adadin yana sauka ƙasa da 5. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan jariran da ke kamuwa, kuma babban dalili shi ne matan da ba sa zuwa awo, suna haihuwa a gida. Kada ki yi faɗa da ungozoma, ki jawo ta. Ki ba ta safar hannu da sabuwar reza, ki roƙe ta ta kawo miki kowace mai ciki sau ɗaya aƙalla, a gwada kowa ba tare da ware wasu ba. Idan kina da abin gwajin nan mai duba HIV da tunjere a tsinke ɗaya, shi ya fi. Wadda ba a samu komai ba a farkon ciki a sake gwada ta a watannin ƙarshe, domin wadda ta kamu tana da ciki ko tana shayarwa ta fi kowa saurin sa wa jariri. Wadda aka samu, a tabbatar da gwaji na biyu kamar yadda ƙa'ida ta ce, ta fara magani ba jinkiri. Ƙaramin abu da ake mantawa: maganin ƙarin jini da na ƙarin ƙarfin ƙashi da ake ba masu ciki suna iya riƙe dolutegravir a hanji su hana shi shiga jini sosai. Mafi sauƙi, ta sha na ƙarin jini da safe, na HIV da dare.

Idan lissafi ya nuna za ta haihu a tsakiyar damina, ku yi shiri tun da sauran lokaci. Ko ta ƙetaro wurin dangi kusa da asibiti idan wata ya kama, ko ki nemi izinin manyanki a ba ta ruwan maganin jariri, nevirapine, ta tafi da shi gida, ki koya mata awon da sirinji, domin ana son jariri ya fara sha da zarar an haife shi, ya ci gaba har mako shida, wani ma fiye idan uwar ba ta daɗe da fara magani ba. A mako shida ake ɗiga jinin dunduniyarsa a kan kati don gwaji, a fara ba shi Septrin, maganin da ke kare shi daga wasu cututtuka. Gwajin ƙarshe sai ya kai wata 18, ko wata uku bayan yaye, duk wanda ya zo daga baya. Nono kuwa ta ba shi, zalla har wata shida, ba ruwa ba jiƙo, tana shan maganinta. Madarar gwangwani da ruwan kogi gudawa za ta jawo, ga tsada, ga shi duk gari za a tambayi dalilin da ya sa ba ta shayarwa.

Wuri mafi wuya shi ne miji. Mace ce ake fara ganowa saboda ita ke zuwa awo, sai a ɗauka ita ta kawo, alhali sau da yawa ba haka ba ne. Kafin ki ce ta gaya masa, ki tambaye ta a hankali: yana dukanta? Idan ya ji, tana ganin zai sake ta? Idan akwai wannan tsoron, kada ki matsa. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce a gayyaci maigida a ce ana son duba lafiyar uban jariri, jininsa da hawan jini, a gwada su tare kamar yau ne farko, sakamako ya fito a gabanki ke da za ki iya yin bayani. Idan akwai kishiyoyi, ta hannun mijin za a bi, kada ta hannun matar. 'Ya'yanta ƙanana ma a gwada su. Kuma ki shirya wa ganin gidan da ɗaya yana da ita ɗaya ba shi da ita, domin yana faruwa sosai, kuma ba hujjar cin amana ba ce, ba kuma dalilin raba aure ba ne idan mai cutar ya riƙe magani. Gwajin kafin aure da limamai da yawa ke nema yanzu, wanda Kano ta mayar doka a 2024, yana da amfani, musamman ga zawarawa maza da mata. Amma a gaya wa ma'auratan sakamakon su biyu a keɓe, kuma a tuna cewa wanda bai fi 'yan makonni da kamuwa ba gwaji zai iya kasa ganinsa, wani lokaci sai an kai wata uku.

Rashin ɗakin gwaji ba zai tsayar da ke ba. Gwajin yawan ƙwayar cuta a jini ana yin sa wata shida da fara magani, sai a wata goma sha biyu, sannan shekara-shekara. Inda ba firji, ana ɗiga jinin a kan kati, a shanya a inuwa ya bushe sarai, a sa a leda mai zif da ƙunshin tsotse damshi, ya jure kwanaki kafin ya isa inda injin yake. Ki haɗa shi da ranar karɓar magani don kada mutum ya biya jirgi sau biyu. Idan sakamako ya nuna ƙwayar cuta ta haura 1,000 a kowace mililita ta jini, kada ki yi faɗa. Ki zauna ki ji abin da ke hana shi sha, yunwa ce, tafiya ce, ɓoyewa ce, ko wani mai magani ne ya ce ya warkar da shi, sannan a maimaita bayan wata uku. Ki kuma bibiyi sakamakon da kanki, domin jinin da aka ɗiba aka manta da shi wahalar banza aka ba mara lafiya.

Tarin fuka shi ne ya fi kashe masu HIV. Duk haɗuwa ki yi tambaya huɗu: tari, zazzaɓi, rama, gumin dare. Ko ɗaya aka samu, majina ta bi jirgin da zai kai katunan jini. Wanda ba shi da ko ɗaya, a ba shi maganin rigakafin tarin. Wanda aka sa a maganin tarin fuka kuma yana kan TLD, yana buƙatar ƙarin dolutegravir bayan awa goma sha biyu, domin rifampicin da ke cikin maganin tarin yana rage masa ƙarfi. Akwai kuma waɗanda ba naki ba ne, na babban asibiti ne a ranar: wanda ba ya iya tafiya sai an riƙe shi, mai numfashi sama-sama, mai zazzaɓi mai tsanani, da mai ciwon kai da ya ƙi sauka ko ya fara rikicewa. Irin waɗannan, musamman wanda ya daɗe da yanke magani ya dawo, kada a jira ranar kasuwa.

A kan rigakafi zan faɗi abin da wasu ba sa son ji. Mun fi sakin baki a kan reza da askar wanzami da abin yankan farce, saboda su ne ba kunya a faɗa a gaban manya. Gaskiya ne a yi amfani da sabuwar reza, a daina maimaita allura a kemis, kuma wannan yana kare mutane daga ciwon hanta ma, wanda ya fi HIV saurin bin jini. Amma mafi yawan masu cutar nan ta hanyar saduwa suka same ta, sai kuma daga uwa. Idan duk wa'azinki a kan aska ya tsaya, kin bar babbar ƙofa a buɗe. Kwaroron roba ya kasance inda namiji zai ɗauka ba sai ya roƙa ba, wurin mai kemis ko wani saurayi amintacce a bakin ruwa. Ciwon sanyi a yi maganinsa da wuri, miji da mata tare. Ga maza masu jin nauyin zuwa wurinki, akwai abin gwajin kai da ake goga wa a dasashi, a ga sakamako cikin minti ashirin, in ya nuna alama a zo a tabbatar. Kuma tunda bakin dam kike, ki sa ido a kan tsargiya. A jikin mata tana yin rauni a al'aura wanda ake ɗauka ciwon sanyi ne, kuma bincike ya danganta ta da ƙarin haɗarin kamuwa da HIV. Maganinta praziquantel ne, mai araha.

Ki roƙi a bar miki kwalba ɗaya ko biyu ta maganin kariya bayan haɗari. Wadda aka yi wa fyaɗe, ko ma'aikacin da allura ta soke, dole su fara sha cikin awa 72, su yi kwana 28, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon kariya. Awa 72 ba komai ba ce a gari, amma a bayan ruwa tana ƙarewa kafin a gama shawarar wanda zai biya jirgi. Wanda kuma aurensa ko sana'arsa ta sa shi cikin haɗari kullum, akwai ƙwayar kariya ta kowace rana. Akwai ma sabuwar allura, lenacapavir, sau biyu a shekara, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2025. Ranar da ta iso ƙauye za ta dace da masunta ƙwarai, amma kada ki jingine aikin yau kina jiranta.

Kada kuma ƙarancin masu cutar ya sa a yi barci. Fiji ƙasa ce ta tsibirai fiye da 300 a tekun Fasifik, mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba, kuma an daɗe ana ganin cutar ba ta dame ta ba. A Janairun 2025 gwamnatinta ta ayyana ɓarkewar HIV, bayan an samu sabbin masu cutar fiye da 1,500 a 2024 kaɗai, da yawansu matasa masu yi wa kansu allurar ƙwaya da sirinji ɗaya. A ƙaramin wuri mutane kaɗan ne ke cuɗanya da juna, shi ya sa idan ta shiga take gudu. In kika ga sabbin mutum biyu ko uku daga unguwa ɗaya cikin 'yan watanni, ko kika ji samari sun fara allura, ki sanar da mai kula da shirin a ƙaramar hukuma da hukumar yaƙi da cutar ta jiha tun abin bai yi nisa ba.

Za ki ji labarin jirage marasa matuƙi da aka gwada kai magani da su tsibiran Kalangala na Uganda a 2021. Abin sha'awa ne, amma a wurinki jirgin Sarkin Ruwa na ranar kasuwa zai yi wannan aikin. Abin da ya fi damuna shi ne dogaro da tallafin waje. A farkon 2025, da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙetare, ma'aikatan wucin gadi da yawa masu bin marasa lafiya gida-gida a ƙasashen Afirka sun tsaya cak, kuma a wurare da dama su kaɗai suka san wane ne ke ina. Ke ma'aikaciyar gwamnati ce, kina nan ko da shiri ya tashi. Don haka ilimin ya zauna a hannunki da na abokiyar aiki guda da kika amince da ita: wa ke shan me, yaushe nasa zai ƙare, wa za a kira idan ya ɓace. Masuncin da zai bi kifi zuwa Taraba ko Tafkin Chadi, ki rubuta masa sunan maganinsa da lambarsa a ƙaramar takarda ya sa a leda, ki gaya masa duk asibitin gwamnati mai ba da maganin zai iya nunawa a taimaka masa, kada ya sake yin rajista a matsayin sabo.

Waɗanda suka ɓace miki a daminar bara, ki fara da su a wannan makon, tun hanya tana bushe. Idan kin same su kada ki tambayi dalilin da ya sa suka yi sakaci. Ki yi musu barka da dawowa, ki duba alamun tarin fuka da na ciwon kai, ki mayar da su kan magani a ranar idan ba su da alamar haɗari, sannan ki tambayi kowannensu wata nawa ruwa ya tare shi bara, ki rubuta a gefen lambarsa. Da wannan lissafin za ki je wurin mai ba da magani a watan Mayu.